MAHAƊAR MINNA DA TASHAR ZUNGERU: JIRGIN DA BAI BIYO TA KONTAGORA BA

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a zauren taron shekara-shekara, kamar yadda aka ɗauko shi, da ɗan gyara kaɗan.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, shugabannin unguwanni, 'yan kasuwa, iyaye mata da ke zaune ta can gefe, da ku samari da kuka tsaya bakin ƙofa, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Ranar da Malam Sakatare ya kawo mini takarda cewa ni zan yi magana a kan jirgin ƙasa, sai da na yi dariya. Na ce masa, a Kontagora? Garin da ko taku ɗaya na layin dogo babu? Ya ce ai shi ya sa. Da na kwana da maganar sai na ga gaskiyarsa. Mu da ke zaune a nan, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, wasu Zamfara da Sakkwato da Gobir, in ka bi asalin zuwan kakan mutum ko na ubansa, sau da yawa za ka tarar akwai tashar jirgi a cikin labarin. Ko dai a Zungeru ya sauka ya biyo mota, ko kuwa kayan da yake ciniki can ake auna su a ɗora. Saboda haka tashar da zan yi magana a kanta ba a garinmu take ba, amma tamu ce.

Bari in fara da Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum. A 1901 Turawa suka ci Kontagora da yaƙi, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse. A 1902 Gwamna Lugga ya taso da hedikwatarsa daga Jebba ya kafa ta a Zungeru, bakin kogin Kaduna. To, hedikwata tana bukatar kaya, kuma kayan nan ta ruwa suke zuwa. Jiragen ruwa ba sa iya kaiwa har Zungeru saboda duwatsu, don haka sai aka shimfiɗa wani ɗan siririn dogo, faɗinsa ƙafa 2 da rabi, daga wajen Wushishi zuwa Zungeru, daga baya aka ja shi har Barijuko, tsawonsa duka mil 22. Wannan shi ne jirgin ƙasa na farko a duk ƙasar Arewa. Kun ji fa. Ba Kano ba, ba Kaduna ba, a nan maƙwabtanmu aka fara jin kukan jirgi. Ɗan injin da ya ja shi an kai shi Minna an ajiye don tarihi. Ƙarafan kuwa da aka gama da su aka tone, aka kai su aikin ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957.

Babban aiki ya zo ne a 1907, lokacin Gwamna Girouard, wani injiniyan soja mutumin Kanada wanda ya san aikin dogo tun daga Sudan. Shi ya tsaya a kan cewa a faro daga Baro, bakin kogin Kwara a ƙasar Nufe, a miƙe zuwa Kano, mil 356. Aka biyo ta Katcha da Badeggi, aka iso Minna, aka wuce Kaduna da Zariya, ƙarfe ya shiga Kano a watan Maris na 1911. A wannan lokacin kuma gwamnatin Ikko tana jawo nata layin daga kudu. Ya kai Badun a 1901, ya kai Ilori a 1908, ya kai Jebba a 1909. Daga Jebba aka haye da shi, aka bi ta Mokwa aka nufi Zungeru tunda nan Gwamna yake, sa'an nan ya je ya haɗu da layin Baro a Minna a 1912.

To a nan ne amsar tambayar da yara kan yi mini take, wai me ya sa jirgi bai zo Kontagora ba. Wasu kan ce fushi Turawa suka yi da Sarkin Sudan. Ni dai ban ɗauki wannan ba. Ku dubi taswira. Masu tasowa daga Baro Kano suke nema ta hanya mafi kusa, masu tasowa daga Jebba Zungeru suke nema. Kontagora tana arewa maso yamma da duka biyun, babu wanda hanyarsa ta faɗo mata. Bature ba don ya haɗa garuruwanmu ya yi dogo ba, don ya kai auduga da gyaɗa da fatu da kuza bakin teku ya yi shi. Inda ba a kan layin bakin teku yake ba, sai ya ɗauko kayansa a kan jaki ya kawo tasha.

Kuma kada mu manta da waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Ba da katafila aka yi shi ba. Da kwando da diga da shebur aka yi shi, kuma leburorin ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗibarsu, kowane gari a yanka masa yawan mutanen da zai kawo, su yi makonni a sake su a kawo wasu. Nufawa da Gwarawa su suka fi shan wuya domin a ƙasarsu aikin ya bi. Mutum ya bar gonarsa da damina ba da son ransa ba. A 1909 ma rikici ya ɓarke a Gussoro ta ƙasar Gwari har aka kashe wani jami'in Bature, aka turo soja suka yi wa garin ɓarna. Abu ɗaya da ya shigo ta wannan aiki ya zauna shi ne kuɗin ƙarfe. Da sule da kwabo ake biyan lebura, da su kuma ake karɓar haraji, a hankali wuri ya mutu a kasuwa.

Yanzu bari in zo kan Minna, domin ita ce mahaɗa. Kafin jirgi Minna ƙauyen Gwarawa ne a kan dutse. Da layi biyu suka gamu a gindin dutsen nan sai aka gina tasha, da shagon gyaran inji, da tankin ruwa, da gidajen ma'aikata. Inda ma'aikaci yake da albashi kuwa, mahauci zai zo, mai tuwo za ta zo, tela zai zo, malami zai zo da almajiransa. Hausawa suka kafa unguwanni, Yarbawa da Inyamurai da Nufawa suka kafa nasu. Zungeru ta rasa hedikwata a 1917 da aka koma Kaduna, har ɗan gadar ƙarfen Lugga ma a 1954 aka kwance ta aka kai Kaduna. Minna kuwa ta yi ta girma, har a 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja ta zama babban birninta. Ƙauyen da ba a san shi ba ya zo yana mulkin Bida da Kontagora da Abuja ta da, wato Suleja, duk albarkacin wurin da ƙarfe biyu suka gamu. Ita ma Zungeru ba ta tashi a banza ba. A nan aka haifi Azikiwe a 1904, a nan aka haifi Ojukwu a 1933, domin gari ne na ma'aikata daga kowace kusurwa.

Samari da yawa a nan ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, to bari in gaya muku yadda mahaɗa ke aiki, don ku san ba wasa ba ne. Dogon nan layi ɗaya ne tal, faɗinsa ƙafa 3 da rabi. Mai zuwa Kano da mai zuwa Ikko a kansa suke bi. To yaya ba sa karo? A kowace tasha akwai layin gefe inda ɗaya zai raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Kuma direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe, wadda ita ce izinin shiga tsakanin wannan tasha da ta gaba. Alamar nan ɗaya ce ke fita a lokaci guda. Muddin tana hannun wani direba, shugaban tashar can ba shi da wadda zai ba wani. Sai ya iso ya miƙa ta, a buga waya, sa'an nan a buɗe hanya. Ga kuma mai juya layi, wanda zai ja ƙarfe ya karkatar da jirgi ko dai ya nufi Zungeru ko ya nufi Baro. Mutum ne ƙaramin ma'aikaci, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma rayukan ɗaruruwan mutane a hannunsa suke. In ya yi gyangyaɗi, shi ke nan.

Wannan tsari shi ne dalilin jiran da ake yi. In jirgin Ikko ya makara a Jebba, na Kano sai ya zauna a Sarkin Pawa ko Gwada ko Minna yana huci. Mu fasinja muna tsaki, amma masu talla suna murna. Wanda ya san tashar Minna a wancan zamani ya san doya. Doyar Gwari tuli-tuli, da rake, da dafaffen ƙwai, da ƙosai, da ruwan sha a tulu. Matan Gwari da kaya a kafaɗa, domin su ba sa ɗauka a ka. Jirgi zai tsaya a canja ma'aikata, a zamanin injin kwal a sha ruwa a ɗebi gawayin Inugu, mu kuma mu sauka mu yi alwala mu yi salla a gefen dandamali, ido ɗaya na kan tarago. Da ka ji usur, sai ka ga dattijo da babbar riga yana gudu da buta a hannu.

Ni a Zungeru na fara ganin jirgi, ina yaro, na raka mahaifina, Allah ya jiƙansa. Daga nan muka hau babbar mota a kan buhuna, muka bi ta Tegina. Gyaɗa da kaɗanya da fatu su ne kayan ƙasar nan da ke sauka tasha, a auna a kantunan Turawa, a ɗora a wagunu. A dawowa kuma motar ta ɗauko gishiri da kananzir da atamfa da goro. Maganar goro ma kaɗai ta isa jawabi guda. Kakanninmu fatake a ƙasa suke zuwa Gwanja da jakuna, su bi ta Yawuri su haye Kwara, tafiyar watanni. Da jirgi ya zo sai goron ya koma bin ruwa zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a tarago, cikin kwana biyu ko uku yana Kano. Madugai suka rasa aiki, zangon da ke kan tsohuwar hanya ya yi sanyi, wasu fatake suka gangara Agege da Shagamu da Sabon Badun suka zauna. Wasu kuma suka tsaya a irin garuruwan nan namu suka koma sayen amfanin gona. Kowa a nan ya tambayi tsohon gidansu, zai ji ɗaya daga cikin biyun nan.

Shi layin Baro bai daɗe yana tashe ba. Dalili kuwa, manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa Baro sai lokacin da kogi ya cika, 'yan watanni a shekara. Da farko shi ma layin Ikko yana da tasa matsalar, domin a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin ruwa a haye da su. Amma da aka gama gadar Jebba a 1916, kaya suka koma bin Ikko kai tsaye, mil 700 daga Kano ba saukewa. Tun daga nan reshen Baro, mai mil 111 daga Minna, ya zama ƙaramin layi, daga baya ma jirgi ya daina binsa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya je ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. Duk wanda ya san tarihin nan ya san tashar ruwa a Baro ba za ta yi amfani ba sai da dogo ko hanya mai kyau a bayanta, domin a kan haka aka kafa garin tun farko.

Yadda jirgi ya lalace kuwa ba sai na daɗe a kai ba, da yawanku a gabanku aka yi. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. An ƙare layin Maiduguri a 1964, wanda ya kawo tsawon dogo duka kilomita 3,505. Daga nan sai kuɗin mai ya zo, aka juya ga kwalta da tirela, dalar gyaɗa ta ɓace, inji ya tsufa babu kayan gyara. A 1979 aka ɗauko Indiyawa suka riƙe hukumar shekara uku, abin ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya koma. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba wani kamfanin Sin kwangilar gyara. Ni kaina a waɗannan shekarun na yi asara. Mun ɗora shanu za mu kudu, aka yanke taragonmu aka ajiye a wata tasha da ba zan ambata ba, wai ana jiran inji. Kwana uku muna ɗebo ruwa da bokiti daga rafi. Biyu suka faɗi, dole muka yanka muka sayar a wulaƙance. Tun daga ranar na koma tirela, kuma na san da yawa irina.

A watan Disamba na 2012 aka dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano bayan an gyara layin. Sau ɗaya a mako, ya taso daga Iddo ran Juma'a, ya juyo daga Kano ran Litinin, tafiyar sa'a 30 ko fiye, yana tsayawa a Zungeru da Minna. Kuɗin kujerar talaka bai kai naira 2,000 ba a lokacin, kuma cika yake yi maƙil. Wannan ya nuna mutane ba su ƙi jirgi ba, rashinsa ne ya kore su. A 2020 annobar korona ta sa aka tsayar da jirage. Sabon dogo mai faɗi kuwa, wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da na Legas zuwa Badun a 2021, babu wanda ya taɓa Zungeru a cikinsu.

Kada wani ya ce na zo ina yi wa jirgi kirari kamar shi ne maganin kome. Ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane suka kwashi wasu, sai da aka yi watanni kafin a sako na ƙarshe. Mu ma nan ba mu manta da ɗaliban Kagara da na Islamiyyar Tegina a 2021 ba, kuma ta Tegina hanyarmu ta zuwa tasha ta bi. Dajin da ke tsakanin Minna da Kaduna, wajen Sarkin Pawa, kowa ya san abin da ya sha. In babu tsaro, dogo ƙarfe ne kawai a cikin ciyawa.

Amma duk da haka ku yi lissafi da ni. Masara da wake da dawa da ke fita daga ƙasar Kontagora, da shanun da ke tashi daga kasuwar Mariga, duk a bayan tirela suke zuwa kudu, ta Mokwa da Jebba. Kun san halin hanyar, kun san kwana nawa mota kan yi in wata ta faɗi ta tare hanya, kun san abin da ake biya a shingaye. Duk wannan kuɗi daga jikin wa yake fita? Daga manomi, domin ɗan kasuwa zai rage masa farashi, da kuma mai saye a Legas. Jirgin kaya guda yana jan abin da tireloli masu yawa za su ɗauka, kuma ba ya fasa kwalta. 'Yan'uwanmu direbobi da ke nan kada ku harare ni. Ko a zamanin da jirgi ke tashe, mota ce ke kai kaya tasha ta kuma kwaso. Kontagora zuwa Zungeru ko Mokwa ku dawo ku kwana a gida, ya fi muku mako biyu a hanyar Legas.

Saboda haka ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya, kuma na biyun shi ya fi damuna.

Na farko, kwamitin 'yan kasuwa ya zauna ya rubuta yawan motocin hatsi da na dabbobi da ke tashi daga nan a kowane mako, kaka da rani. Ba ƙiyasi ba, a sa yaro da littafi a tasha. In muna da wannan a rubuce, sai mu kai wa Mai Martaba Sarkin Sudan da wakilanmu na majalisa, mu ce duk ranar da ake maganar jirgin kaya a tsohon layi, a tuna da wurin lodi a Zungeru da Mokwa. Wanda ya je da lissafi a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya je da kuka.

Na biyu, maganar ƙarfen dogo. Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ana kwance ƙarafan layi da kusoshinsa da dare, ana yanka su da wuta, ana lodawa a mota a rufe da buhuna. Ɓarawo ba ya cin ƙarfe, sayarwa yake yi, kuma sana'ar gwangwan da yawanta a hannun yaranmu take. Ban ce kowa ba. Na san masu wannan sana'a da ke cin halaliyarsu, wasunsu suna zaune a nan. Amma ƙarfen dogo ba ya ɓoyuwa, ko makaho ya shafa ya san shi. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Kuma ku tuna, kusa huɗu in aka zare a kan kwana, jirgi na iya kifewa da mutane, wataƙila da ɗan'uwanka a ciki. Ban da wannan, ranar da aka kama mota ɗaya, ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi Hausawan Kontagora. Mu da muke zaune lafiya da mutanen gari shekara da shekaru, ba mu da bukatar wannan suna. Ina roƙon shugaban 'yan gwangwan ya tara mutanensa, a yi doka a tsakaninsu cewa ba a sayen ƙarfen dogo ko nawa aka karyar da shi, wanda aka kawo wa kuma ya sanar da shugabanni.

Na uku mai sauƙi ne. A cikinmu akwai tsofaffin da suka yi aikin reluwe, akwai wanda ya yi gadi, akwai wanda ya yi shekaru yana duba layi a ƙasa da guduma a kafaɗa, akwai iyaye mata da aka kai su gidan miji a jirgi. Kullum raguwa suke yi. 'Yan makarantarmu su ɗauki waya su je su zauna da su, su naɗi maganarsu, a kawo wa editan mujalla ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan. In akwai mai tsohon tikiti ko hoto ko takardar awon kaya a cikin adaka, ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Ni zan fara kawo takardar shanun nan da na ba ku labari, tana nan ban yar ba.

Malam Sakatare yana nuna mini agogo. Wanda yake son shiga kwamitin ƙidayar motoci ya ba da sunansa kafin a tashi, mutum biyar muke nema, kuma a samu direba ɗaya a ciki. Shugaban 'yan gwangwan kuma ina jiransa a gida ran Asabar bayan la'asar.